Dagwalon cibiyoyin binciken nukiliya: in an zuba shi a ƙasa, ina yake tafiya?

Malam Ashiru:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan, tunda zauren nan ba ya rasa injiniyoyi da masana ruwa. Ina shirya wa ɗalibaina darasi ne a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai na ci karo da tarihin wata cibiyar binciken nukiliya da ke jihar Idaho a Amurka. An kafa ta a 1949, an gina injinan nukiliya 52 a cikinta, kuma a can ne aka kunna ƙwayayen lantarki huɗu da makamashin nukiliya a watan Disamba na 1951. Wato dai matattarar masu ilimi ce. Amma waɗannan masu ilimin sun haƙa rijiya mai zurfin kusan mita 180, suka riƙa ɗura dagwalo a cikinta, yana shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa kai tsaye, tun farkon shekarun 1950 har zuwa 1984. Ruwan nan kuwa shi ne abin dogaron manoma da garuruwan kudancin jihar.

Abin da nake so a warware min: jahilci ne, ganganci ne, ko kuwa akwai wani lissafi da ni ban gane ba?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam Malam. Akwai lissafi, kuma ya kamata a yi wa mutanen nan adalci kafin a yanke musu hukunci. Da farko, abin da aka ɗura a rijiyar ba shi ne sharar nan mai zafin gaske ba, wadda ake samu in an narkar da makamashin da ya gama aiki. Waccan a tankuna aka tara ta. Abin da ya shiga rijiya ruwan aiki ne na yau da kullum, mai gishiri da ɗan burbushin nukiliya, mafi yawansa tiritiyam, wani nau'in haidirojin mai fitar da tururin nukiliya, wato hasken nan marar ganuwa mai illa ga jiki.

Tiritiyam kuwa yana mutuwa da kansa. Duk bayan shekara 12.3 rabinsa ya tafi. Abin da aka zuba a 1984, zuwa 2021 kashi ɗaya cikin takwas kawai ya rage. Filin cibiyar ya kai murabba'in kilomita 2,300, ba mai noma ko zama a cikinsa. Lissafinsu shi ne: kafin ruwan ya yi tafiyar da zai kai rijiyar wani, ya gauraya da ruwa mai yawa, kuma mafi yawan burbushin ya mutu a hanya. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana auna rijiyoyin wurin tun 1949. A tsakiyar shekarun 1980 an ga alamar tiritiyam a rijiyoyin iyakar kudu, amma ƙasa ƙwarai da abin da doka ta haramta, kuma tun da aka daina ɗurawa yankin da ya gurɓata sai raguwa yake. To ina jahilcin?

Dakta Hauwa:
Injiniya, duk abin da ka faɗa a kan tiritiyam haka yake, ban da ja. Sai dai ka zaɓo wanda ya fi kowanne sauƙin karewa ne. Dagwalo ba ya zuwa da abu guda.

A cikin wannan ruwan akwai ayodin-129, wani nau'in ayodin mai tururin nukiliya. Kafin rabinsa ya mutu sai an yi shekara miliyan 15.7. A wani sashe na cibiyar, can arewa, akwai wata rijiyar da aka yi ta zuba ƙazanta daga 1953 zuwa 1972, har da sinadarin wanke maiƙon ƙarfe da ake kira TCE. Wannan ba shi da wata alaƙa da nukiliya, duk masana'antar da ke wanke injina ta san shi. Ba a gano shi ba sai 1987, kuma a ina? A rijiyoyin da ma'aikatan wurin ke sha. Ya bazu a ƙarƙashin ƙasa tsawon kusan kilomita 3.

Wannan shi ne abin da nake ta jan hankalin mutane a kai. Da an ce nukiliya sai hankali ya tafi kan tururinsa, alhali a yawancin wuraren nan abin da ya fi ba da wahala sinadaran masana'anta ne da kowa ya raina: kuromiyam, naitiret, da ruwan wanke maiƙo. Su ba su da ranar mutuwa irin ta tiritiyam. Kuromiyam ɗin da aka zuba a 1960 kuromiyam ne har gobe.

Nura:
Anti Dakta, a yi min afuwa, ni ɗalibi ne. Me ya kai kuromiyam tashar nukiliya? Na ɗauka masu jima da masu fenti ne ke amfani da shi.

Dakta Hauwa:
Tambaya mai kyau, ƙanena. Tsatsa ce ta kai shi. Injin nukiliya yana buƙatar ruwa mai ɗimbin yawa don sanyaya shi, ruwa kuma yana cin bututu. Sai aka riƙa zuba gishirin kuromiyam a cikin ruwan don ya hana tsatsa. A Hanford da ke jihar Washinton, inda aka jera injina tara a bakin kogin Columbia tun daga shekarun 1940, haka aka yi. A cibiyar nukiliya ta Los Alamos da ke jihar New Mexico ma haka, daga 1956 zuwa 1972 ana sakin ruwan hasumiyar sanyaya wata tashar lantarki cikin wani kwazazzabo. Ka lura, tashar lantarki ce ta gama-gari, ba injin nukiliya ba.

Yanzu ka ƙirga. An daina a 1972. Ruwan sha na yankin yana can ƙasa, kusan mita 300. Ba a ga kuromiyam ɗin a cikinsa ba sai wajajen 2005. Shekara talatin da ɗoriya yana tsiyaya a hankali ta cikin duwatsu, ba wanda ya sani. Da yawa daga waɗanda suka buɗe famfon sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, sannan abin ya iso. Kuma a gefen wurin akwai ƙasar al'ummar San Ildefonso, mutanen da suke can tun kafin a yi tunanin gina cibiyar.

Baba Ɗanjuma:
Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ban yi karatunku ba. Shekara talatin da biyar ina haƙar rijiyar burtsatse. Abin da Dakta ta ce na tsiyaya, na gan shi da idona.

Mutane suna ɗauka ƙarƙashin ƙasa kamar randa ce, ruwa na zaune wuri guda. Ba haka ba ne. In kana haƙa, abin da ƙarfe ke fitarwa kake kallo. Ka wuce jar ƙasa, ka shiga yashi, ka tarar da yumɓu mai danƙo wanda in ka murza a tafin hannu sai ya yi igiya, ruwa ba ya ratsa shi. Can sai ka shiga dutse, ƙura busasshiya tana tashi fari fat. Kana cikin haka sai ka ji ƙarfe ya zurma kamar taƙi guda, ƙarar injin ta sauya, ruwa ya yo sama. Ka faɗa tsaga ke nan. Ka matsa taku ashirin ka sake haƙawa, ka tarar da dutse a bushe har ƙasa. Ruwa yana da hanyoyinsa, kuma ba ya bin inda kai ka zana masa a takarda.

Akwai wata masana'antar shafa wa ƙarfe ƙyalli da aka taɓa kira na in yi musu sabuwar rijiya. A bayan ginin suna da wani rami da suke sakin ruwan aikinsu, ba siminti, ba shimfiɗa, ƙasa ce kawai. Manajan ya ce min ai ramin ba ya cika, ƙasa na shanyewa, yana faɗa yana murna. Da muka kai ruwa na tara a farin bokiti, sai na ga yana ɗan rawaya-rawaya, kamar an jiƙa wani abu a ciki. Babu wari, babu laka, garau yake, amma launin nan yana nan. Na ce musu ni ba zan sa famfo a wannan ba sai an kai shi awo. Har yau in na tuna masu gidajen da ke gangaren wurin sai gabana ya faɗi.

Dakta Hauwa:
Baba, Allah ya saka maka da alheri da ka ƙi. Wannan rawayar ita ce alamar kuromiyam mai guba, kuma duk ruwan da ido ya iya ganin launinsa ya zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 50 ce a lita guda. A wannan matakin ruwan fari tas yake.

Maganar manajan nan kuwa, cewa rami ba ya cika, ita ce dai tunanin da aka yi aiki da shi a manyan cibiyoyin. A Hanford an kiyasta cewa an zuba ruwan aiki kusan galan biliyan 450 a cikin ƙasa, ta ramuka da kududdufai da magudanai da aka gina musamman don ƙasa ta shanye. A Oak Ridge da ke Tennessee an yi kududdufai huɗu marasa shimfiɗa, daga 1951 zuwa 1983 ana zuba musu ruwan asid mai naitiret da yuraniyam. Daga baya aka rufe su, aka yi wurin ajiye motoci a kai. Sama ta yi kyau, amma ruwan da ke ƙarƙashi har yanzu tsami gare shi, naitiret ɗinsa kuma dubbai ne na miligiram a lita, alhali ƙa'idar ruwan sha 50 ce.

Injiniya Bashir:
Dakta, ban musa ba. Amma ita ƙasa ai tana tacewa da gaske, ba tatsuniya ba ce. Siziyam-137, ɗaya daga burbushin nukiliya masu haɗari, yana manne wa yumɓu ƙam, da ƙyar yake motsi. Fulutoniyam, ƙarfen da ake ƙera bam ɗin nukiliya da shi, shi ma haka. Da ƙasa ba ta riƙe su ba, da abin da muke magana a kai ya fi haka muni sau dubu.

Dakta Hauwa:
Tana riƙewa, amma riƙon yana da sharaɗi, kuma nan ne lissafin ya karye.

Ƙasa tana kama abin da cajin lantarkinsa ya saɓa wa nata. Siziyam da sitirontiyam, shi ma burbushin nukiliya ne, suna kamuwa, duk da cewa riƙon sitirontiyam bai kai na siziyam ba. Su kuwa naitiret, da wani burbushin nukiliya mai suna teknetiyam-99, da ayodin-129, da kuromiyam mai guba, cajinsu irin na ƙwayoyin yumɓun ne, don haka ture juna suke yi. Wucewa suke yi kusan da saurin ruwan kansa. Tiritiyam kuma ba a maganarsa, don shi ya zama ɓangaren ruwan.

Sannan shi kansa dagwalon yana sauya halin ƙasar. In ka zuba asid, ko ruwa mai gishiri sosai, sai ya kwance abin da ƙasa ta riga ta kama. Ga kuma yawan ruwan. A tsakiyar Hanford, ruwan da aka yi ta zubawa ya ɗaga matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa fiye da mita 20 a wasu wurare, ya yi tudu a ƙarƙashi. Tudun nan ya riƙa tura duk abin da ke kewaye da shi gaba, har ya sauya wa ruwa alkibla. Wato ko ruwan da ake cewa mai tsabta ne, in ya yi yawa, shi ne ke kora ƙazantar da ke kwance.

Ko fulutoniyam ɗin da ka ambata, a 1999 an wallafa binciken da ya nuna ya yi tafiyar kilomita 1.3 daga inda aka yi wani gwajin bam a ƙarƙashin ƙasa a Nevada a 1968. Bai narke ba, hawa ya yi kan ƙananan ƙwayoyin ƙasa da ke yawo cikin ruwa, suka tafi da shi. Adadin kaɗan ne ƙwarai, ba wanda ya sha, amma an daɗe ana cewa ba ya motsi sam.

Abin da ya fi koya min darasi shi ne yuraniyam na sashen Hanford da ke dab da kogi. A shekarun 1990 aka kwashe ƙasar saman, aka yi lissafi aka ce cikin shekara 3 zuwa 10 ruwan zai wanke kansa. Shekarun suka wuce, yuraniyam yana nan. Ashe duk lokacin da kogi ya cika, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso ya jiƙa ƙasar da ke riƙe da sauran yuraniyam ɗin, ya ɗebo, ya koma da shi. Ajiya ƙasa ta karɓa, kuma tana mayarwa kaɗan-kaɗan duk shekara.

Hajiya Larai:
Ni dai aikin jinya na yi har na ajiye, don haka tambayata ta jiki ce. Waɗannan abubuwan da kuke ta lissafawa, me suke yi wa wanda ya sha? Naitiret na sani, don na taɓa riƙe jaririn da leɓɓansa suka yi shuɗi, jininsa ya kasa ɗaukar iska saboda ruwan da ake haɗa masa madara da shi. Uwar tana kuka tana cewa ai ta tafasa ruwan. Ba ta san tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi ba, tunda ruwa ne ke tashi, gishirin ya zauna. Sauran fa?

Dakta Hauwa:
Hajiya, sitirontiyam-90 jiki yana ɗaukarsa kamar sinadarin gina ƙashi, sai ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye, kusa da ɓargon da ke yin jini. Rabinsa na mutuwa ne a shekara kusan 29. Yuraniyam a ruwan sha ƙoda ya fi illatawa, kuma a matsayinsa na ƙarfe mai guba, tun kafin a zo maganar tururin nukiliya. Ayodin maƙoshi yake taruwa. TCE an tabbatar yana jawo sankara, musamman ta ƙoda. Tiritiyam ne ya fi sauƙi, don cikin kwana goma rabin abin da aka sha ya fita daga jiki.

Nura:
To shi tiritiyam ɗin ba a tace shi?

Injiniya Bashir:
Ba a iyawa da matatar da muka sani, Nura. Shi nau'in haidirojin ne, yana zama cikin ƙwayar ruwan kanta. Ka tafasa ya bi tururin ruwan, ka tace ya wuce. Abin da ake yi shi ne a tsare shi har ya mutu, ko a gauraya shi da ruwa mai yawa.

Kuma a nan nake so Hajiya ta kwantar da hankali. Ku duba yadda ƙa'idojin suka sha bamban. A ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya da ake kira bekerel, Amurka ta ce 740 a lita. Kanada ta ce 7,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 10,000. Tarayyar Turai ta sa 100, amma a matsayin alamar a tsaya a bincika. Ruwan da za a rufe rijiya a kansa a wata ƙasa, halal ne a wata. Shi ya sa in na ji an ce ya ninka ƙa'ida, nakan tambaya, ƙa'idar wa?

Ku ɗauki cibiyar bincike ta Brookhaven a tsibirin Long Island ta jihar New York. A farkon 1997 aka sanar cewa tafkin ajiye makamashin injin bincikensu yana yoyo. Bai kai rijiyar shan kowa ba. Amma hayaniya ta sa aka kori kamfanin da ke tafiyar da cibiyar a shekarar, aka rufe injin gaba ɗaya a 1999. Injin da masana daga ko'ina suke zuwa yin bincike da shi, aka rasa shi saboda tsoro. Wannan asarar tana min ciwo har yanzu.

Malam Ashiru:
Injiniya, na karanta wannan ma, kuma ni ba haka na fahimce shi ba. Tafkin ya yi kusan shekara 12 yana yoyo ba a sani ba. Me ya sa ba a sani ba? Don ba a haƙa rijiyar sa ido a inda ya kamata ba, wato gangaren ginin, duk da cewa an daɗe ana ba da shawarar a yi, ana ɗagawa. Da aka haƙa, nan da nan aka gani, har wani awon ya ninka ƙa'idar Amurka sau 30 da wani abu. Kuma mutanen yankin nan ba su da wani ruwan sha sai na ƙarƙashin ƙafarsu. Shekara da shekaru ana ce musu komai lafiya. Wanda ya ce maka lafiya alhali bai duba ba, ranar da ka gane, ba za ka sake yarda da shi ba ko da gaskiya ya faɗa. Ni a ganina amana ce ta rufe injin nan, tiritiyam sanadi ne kawai.

Hajiya Larai:
Haka ne Malam. A asibiti ma, majinyaci yakan jure mummunan labari. Abin da ba ya yafewa shi ne ya gano an ɓoye masa.

Injiniya Bashir:
Na karɓi wannan. Rashin haƙa rijiyar kuskure ne da ba shi da kariya. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke damuna. Duk waɗannan alƙaluman da muke kawowa, mun same su ne saboda wuraren nukiliya suna da dubban rijiyoyin sa ido da rahotannin da ake bugawa duk shekara. Masana'antar da Baba ya ba mu labari fa, rijiyar sa ido nawa gare ta? Irinta nawa ne a duniya, masu jima, masu rini, masu batir, suna zuba kuromiyam ɗin nan da ruwan wanke maiƙon nan a rami, ba mai aunawa? Ana nuna wanda ya auna kansa da yatsa, wanda bai auna ba yana barcinsa.

Dakta Hauwa:
A wannan muna tare ɗari bisa ɗari, Injiniya. Ni ma darajar waɗannan wuraren a wurina ita ce sun zama makaranta. Da yawa daga abin da muka sani game da tafiyar guba a ƙarƙashin ƙasa, akwai hannun rijiyoyinsu a ciki. Sai dai kar mu manta, ba da son ransu duka suka buɗe ba. Shekaru da dama sirrin tsaro ya rufe komai. A Hanford sai 1986 aka saki dubban shafukan takardun da suka nuna abin da aka yi, sai 1989 aka sa hannu a yarjejeniyar gyara tsakanin ma'aikatar makamashi da hukumar kare muhalli da gwamnatin jiha.

Inda sirrin ya fi tsanani kuma, can ne ɓarnar ta fi. A masana'antar nukiliya ta Mayak, cikin tsaunukan Ural na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, daga 1949 aka riƙa sakin shara mai ƙarfi cikin kogin Techa, ƙauyuka na sha suna wanki suna ban-ruwa, ba wanda ya gaya musu. Mutum kusan 30,000 aka bi diddigin lafiyarsu daga baya, aka ga ƙarin sankarar jini. Da aka ga kogi ya lalace, a 1951 sai aka karkata zuwa wani ƙaramin tafki mai suna Karachay. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. A 1967 fari ya busar da gefen tafkin, iska ta kwashi ƙurar ta watsa. Ta ƙasa kuma, ruwan tafkin ya fi ruwan ƙasa nauyi saboda gishirin naitiret, sai ya nutse cikin tsagogin dutse ya bazu kilomitoci. An gama cike tafkin da duwatsu da kankare a 2015. Abin da ya riga ya nutse yana can.

Nura:
To in sama ba ta yi ba, me zai hana a tura shi can ƙasa sosai, inda ba mai haƙa rijiya ya kai?

Injiniya Bashir:
Rasha ta yi haka, tun shekarun 1960, a Seversk da Zheleznogorsk da cibiyar bincike ta Dimitrovgrad. A Dimitrovgrad zurfin ya wuce kilomita guda, cikin ruwan gishirin da ba mai sha, ga shimfiɗun yumɓu sun rufe shi ta sama. In ka gwada shi da abin da ya faru a Techa, ni ina ganin ya ceci rayuka.

Baba Ɗanjuma:
Injiniya, yumɓun na yarda da shi. Rijiyar ce ban yarda da ita ba. Duk ramin da ka huda, ka yi wa ruwa hanya tsakanin sama da ƙasa. Abin da ke tsare hanyar nan bututu ne da simintin da aka ɗura a bayansa. Na sha zaro bututun da bai fi shekara ashirin ba, ya zama kamar rariya, kana danna shi da yatsa yana burmawa. Siminti kuma in bai zauna daidai ba a wuri guda, kai da ke sama ba ka gani. Ku kuna maganar abin da zai yi miliyoyin shekaru. Wane bututu ne zai kai?

Injiniya Bashir:
Ba bututun ake so ya kai ba, Baba. In an gama, ana cike ramin da siminti da yumɓu daga ƙasa har sama. Amma na yarda cewa abin da aka tura can ba a iya dawo da shi in lissafi ya kuskure, kuma shi ya sa yawancin ƙasashe suka zaɓi a daskarar da sharar ta zama gilashi ko siminti kafin a binne.

Malam Ashiru:
To wanda ya riga ya shiga ruwa fa, Dakta? Ana iya fitar da shi?

Dakta Hauwa:
Ana rage shi, da wahala da kuɗi da haƙuri. Hanya mafi yawa ita ce a tsotso ruwan, a tace, a mayar. A Hanford akwai babbar matatar da ta fara aiki a 2012 a tsakiyar filin, da wasu a bakin kogi, kuma sun rage kuromiyam ɗin da ke isa inda kifin salmon ke zuba ƙwai, don ƙananan kifin ba sa jure ko abin da mutum ke jurewa. Ga sitirontiyam kuma sun ɗura sinadaran da ke haɗuwa su zama irin ma'adinin da ke cikin ƙashi, a jere a bakin kogi. Tunda sitirontiyam ƙashi yake nema, sai aka gina masa ƙashi a cikin ƙasa ya kama, ya zauna har ya mutu. A Idaho abinci suke ɗura wa ƙwayoyin halittar ƙasa don su yawaita su farfasa TCE.

Amma tsotso yana da halinsa. Shekarun farko adadi yana sauka da sauri, kowa na murna. Daga nan sai ya tsaya. Ka kashe famfo wata shida, ka dawo ka auna, ka tarar ya hau, domin abin da ya shige cikin yumɓu da ƙananan tsagogi yana fitowa a hankali. Mayar da ruwan ma rigima ce. A Los Alamos, a 2023 hukumar muhalli ta jihar New Mexico ta sa aka dakatar da mayar da tataccen ruwa, don tana tsoron yana ƙara tura kuromiyam ɗin gaba da ƙasa, ita kuma ma'aikatar makamashi tana cewa dakatarwar ce za ta bar shi ya bazu. Masana ne a ɓangarorin biyu, suna kallon rijiyoyi guda, a kan abin da ke mita 300 ƙarƙashinsu.

Malam Ashiru:
Na gode ƙwarai. Zan sauya darasin. Da na yi niyyar in zana musu hoto a allo, yanzu kwalba zan kawo, in jera tsakuwa da yashi da yumɓu a ciki, in ɗiga shuni a sama, mu riƙa zuba ruwa muna duba ranar da zai fito ta ƙasa. Dakta, akwai abin da zan ƙara?

Dakta Hauwa:
Ka yi kwalba biyu, Malam. A ta biyun ka soka tsinke ka huda yumɓun wuri guda kafin ka ɗiga shunin, kar ka gaya musu wacce ce. Kuma bayan ruwan ya fara fita fari, kar ka zubar. Ka ajiye kwalaben kwana uku ba ka taɓa ba, sannan ka sa ɗaya daga cikin yaran ya sake zuba ruwa ya tara a farin kofi.